Teburi na Biyar

Litinin, 1 ga Yuli, bayan La'asar

Tarihi zai so ya san ranar da aka fara wannan aiki, shi ya sa nake rubutawa. Yau ni, Nafi'u ɗan Alhaji Ukasha, wanda na koyar da lissafi shekara talatin da huɗu kafin gwamnati ta gode mini ta sallame ni, na ɗora katakon maɗaci a kan injina, a rumfar bayan gidana da ke Banikanni, cikin birnin Parakou.

Injin nan, ga wanda zai karanta bayan ba ni, na'urar sassaƙa ce da kwamfuta ke tuƙawa, CNC ake ce mata. Tana da shimfiɗa inda ake kwantar da katako, da gada mai tafiya gaba da baya, da kai mai yawo a bisa gadar, a bakinsa akwai haƙori mai juyawa. A warwatse na saye ta cikin kwali biyu, na harhaɗa da hannuna. Zuwa yau ta sassaƙa allunan suna goma sha ɗaya da maratayin makullai guda, wanda maiɗakina Mairo ta ga ya fi dacewa da ludayi.

Katakon na Yaya Labaran ne. Shekara hamsin da ɗoriya yana kafinta a Djougou, kuma yana da wata al'ada da ba wanda ya ɗora masa. Duk 'yarsa da za ta tafi gidan miji, sai ya yi mata ɗan teburi da hannunsa, daga maɗacin da kakanmu ya dasa a ƙofar gida shekarar da ya daina bin ayarin goro. Tun da iska ta kayar da bishiyar yake ajiye da fallayenta. 'Ya'ya huɗu sun tafi da nasu. Saura auta, Fatimatu Zahra, ungozoma, wadda za a ɗaura wa aure ranar Asabar, 27 ga wata. Wannan ne falle na ƙarshe.

Ƙafafu huɗu ya gama su, ya fere wa kowacce harshen da zai shiga cikin saman. Saman ne ya rage yadda zarto ya bar shi. Kaurinsa milimita 48. A gefensa Yaya ya rubuta 36 da fensir, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. In ya kasa haka, harshen ƙafa zai ɓullo ta sama.

Yaya yana hutawa kwanakin nan, shi ya sa na ɗauko. Ba wanda ya roƙe ni.

Daga 48 zuwa 36, milimita goma sha biyu ke nan. Ga mai ilimi, wannan gona ce guda.

Talata, 2 ga Yuli, hantsi

Na danne katakon da ƙarafan matsi a kusurwa huɗu, na yi Bismillah, na tayar da inji. Misirawan da suka daidaita harsashin dala da ruwa da igiya, da sun ga yadda haƙorin nan yake bi layi bayan layi, da sun ajiye igiyarsu sun nemi wurin zama.

Da ƙurar ta lafa, sai na shafa. Saman ya fito tudu-tudu, kamar gonar da aka yi wa huɗa, kowane layi da ɗan gefensa mai kama farce. Mairo ta zo kawo mini shayi, ta shafa ita ma.

"Malam, teburi ne ko allon wanki?"

Na bayyana mata cewa kowane babban aiki yana da matakin gwaji. Ta ce ƙurar gwajin ta shiga miyarta, kuma maɗaci bai ci sunansa a banza ba.

Kauri: 46.

Laraba, 3 ga Yuli, Azahar

Hadjo, matar Yaya, ta kira sau biyu. Ina cikin awo.

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan La'asar

Na sake bi, a hankali wannan karon. Huɗar tana nan, sai dai ta ƙara kyau da tsari. Na zargi kuran, wato wutar lantarki, wanda yake zuwa yana komawa kamar baƙon da bai san ko ana son sa ba. Na zargi damina. Dukansu ba su amsa laifi ba.

Ina shara sai na tuna wani abu da ba shi da alaƙa da komai. Tun ina ɗan shekara bakwai, duk sanda na shiga atelyen Yaya, wato shagon aikinsa, na ɗauki guduma ko zarto, ba ya ko ɗago kai, sai ya ce, "Ajiye." Da na zama malamin makaranta sai ya ƙara mini girma da Monsieur ɗin Faransanci, wanda bakinmu ya mayar Mushe, ya koma cewa, "Ajiye, Mushe." Ranar da na nuna masa hoton injina a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko yana dafa shayi. Ban riƙe shi a zuciya ba. Na dai rubuta ne don tarihi.

Kauri: 45.

Asabar, 6 ga Yuli, da safe

Maƙwabcina Malam Chaibou, mai walda, mutumin Damagaram, ya leƙo ta katanga don ya ji me ke kuka a gidana kwana uku. Ya shigo, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya yana duban injin.

"Mushe, kan injinka a karkace yake, kamar hular ɗan tasha."

Na ce masa na haɗa shi bisa umarnin takarda, shafi bayan shafi.

"To takardar ce a karkace," in ji shi.

Bayan ya fita na yi nazari, na gano da kaina cewa kan injin a karkace yake. Hujjar a fili take. In haƙori mai faɗi bai tsaya cak a kan shimfiɗa ba, gefe ɗaya zai fi ɗaya nutsewa, kowane layi sai ya bar matakala. Da ɗalibi ne ya kasa gane wannan a gabana, da na tsayar da shi a gaban allo.

Litinin, 8 ga Yuli, kafin Magariba

Malam Chaibou ya lanƙwasa mini sandar ƙarfe mai tsawon taƙi guda, na cire haƙori na ɗaura ta a gurbinsa. A ƙarshenta na maƙala agogon awo da na aro wurin wani bakanike a unguwar Guéma, abin da allurarsa take motsi ko da gashin kai aka sa mata. Na shimfiɗa gilashi a kan shimfiɗar, na juya sandar da hannu tana zagaye. Gaba da baya, bambancin ya wuce rabin milimita. Hagu da dama, ya kusa haka.

Maganin shi ne a sassauta notunan da ke riƙe da kai, a cusa siririn ƙarfe a bayansa, a ɗaure, a sake aunawa. Siririn ƙarfe na same shi a jikin gwangwanin madara. Mairo ta ce akwai sauran madara a ciki. Na ce ilimi bai taɓa ci gaba ba sai an yi sadaukarwa. Ta ce to gobe sai in sha shayina da ilimi.

Laraba, 10 ga Yuli, Azahar

Sassauta, cusa, ɗaure, auna. Sau goma sha tara. In na gyara gaba sai hagu ya ɓaci, kamar sulhun gado.

Fatimatu Zahra ta kira a wayar Mairo, aka miƙo mini ba shawara.

"Baba Mushe, jiya babanmu ya riƙe cokali da hagu. Shi kaɗai ya sha kunu."

Na ce madalla.

"Yana ta duban ƙofa. Teburin nan ba dole ba ne, Baba. Kai dai ka zo."

Na gaya mata cewa teburin dole ne, kuma aikin yana kan wani mataki da ba a barinsa. Ta ce, "To, Allah ya taimaka." Yaran yanzu ba su san abin da ake kira daidaito ba.

Kauri: 45. Ban taɓa shi ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, hantsi

Allura ta zagaye da'ira cikakkiya ba ta gusa ba sai kaurin takardar sigari, ko ƙasa da haka. Na kira Mairo ta zo ta shaida. Ta duba ta ce ba ta ga komai yana motsi ba. Na ce ai abin da aka kira ta ta gani ke nan.

Masanan Bagadaza sun auna faɗin duniya da ƙafar raƙumi. Ni na daidaita kan inji da gwangwanin madara a Banikanni. Ba na cewa ɗaya muke. Na bar wa masu zuwa su yi hukunci.

Da yamma na sa injin ya kankare shimfiɗarsa da kansa, don ita ma ta zama daidai da tafiyar gada. Ta fito sumul.

Asabar, 13 ga Yuli, bayan Azahar

Na mayar da katakon, na danne kusurwa huɗu har sai da ya kwanta lif a kan shimfiɗa. Injin ya bi. Babu huɗa, babu matakala. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance, a gicciye, haske bai sami hanyar wucewa ta ƙarƙashinsa ba. Launin maɗacin ya fito ja kamar goron da aka ɓare yanzu. Malam Chaibou ya shafa ya ce, "Wallahi kamar kumatun jariri." Na karɓi yabon a madadin kimiyya.

Kauri: 43.

Asabar ɗin dai, bayan La'asar

Na kwance ƙarafan matsi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ruwa ake yi tun safe.

Litinin, 15 ga Yuli, hantsi

Sai an faɗi gaskiya tarihi yake da amfani. Da na kwance ƙarafan, katakon ya miƙe ya koma yadda yake so. A murɗe yake. In na danna kusurwa uku suka taɓa shimfiɗa, ta huɗu sai ta tashi milimita huɗu. In na danna ta, ta can ta tashi. Rawa yake yi kamar kujerar tasha.

Na yanke hukuncin cewa matsin ne bai isa ba. Na ƙara ƙarafa biyu, na ɗaure har jijiyar wuyana ta fito, na sake bi. Ya yi sumul. Na kwance. Ya koma rawa.

Kauri: 41.

Talata, 16 ga Yuli, bayan Azahar

Na zauna da takarda da fensir. In na daina danne shi, na cusa wa kusurwar da ke tashi ɗan guntun itace, abin da Malam Chaibou yake kira kal, mutanen Najeriya kuma weji, to sai na cinye milimita huɗu a sama kafin ya daidaita, huɗu kuma a ƙasa. Arba'in da ɗaya a cire takwas. Na yi lissafin sau uku, ni da na koyar da shi shekara talatin da huɗu, ko zai tausaya mini. Talatin da uku yake bayarwa.

Yaya ya ja layi biyu a ƙarƙashin 36. Babu wani falle.

Laraba, 17 ga Yuli, da safe

Mairo ta ajiye mini shayi, da madara, ta zauna a kan buhun ƙura, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, a duk ƙasar nan wa ya fi sanin itacen nan?"

Na ce akwai littattafai.

"Littattafan sun yi teburi huɗu da shi?"

Na ce mutumin da take nufi yana hutawa, bai kamata a dame shi ba.

"Sati uku kana cewa yana hutawa. Ni na je, na gan shi. Hannu ne da baki, Malam. Kansa yana nan, idonsa yana nan. Kai ne ba ka nan."

Mai ilimi ba ya jayayya a kan shayi. Na ga ta riga ta goge mini babbar riga.

Alhamis, 18 ga Yuli, Djougou, bayan La'asar

Mun tashi daga tasha da hantsi, mu bakwai a motar mutum biyar, da buhun gari a kan ƙafata. Ban ɗauko katakon ba.

Hadjo ce ta tare ni a tsakar gida, tana tsince shinkafar biki.

"Maraba da mai sayen ruwa," in ji ta. "Layi ne a shagon?"

Dole in yi bayani a nan. Ranar Talatar da ɓarin jikin Yaya ya shanye, na zo asibiti, na tsaya a bakin ƙofa, na ga fuskar Yaya. Ya dube ni yana neman sunana, bakin bai ba shi ba. Sai na ce zan je in sayo ruwa. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a atelyensa ina ɗaure katako da igiya ba. Wannan shi ne ruwan da Hadjo take tambaya.

Yana zaune a zaure a kujerar da ya yi da kansa, hannun dama a kan cinya kamar an ba shi ajiya. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kai. Don kada shiru ya yi yawa, sai na gabatar da cikakken rahoto: huɗa, agogon awo, gwangwani, matsi, rawa. Da na ambaci 41 sai ya rufe ido. Da na ambaci ƙarafa shida sai ya buɗe, ya dube ni irin duban da na sani tun ina shekara bakwai.

Ya nuna tsohon tiren shayi da hannun hagu. Hadjo ta ajiye shi a kan siminti a gabansa. Tiren a murɗe yake, ya girmi auren wasu. Yaya ya sa ƙafa ya danne shi har ya kwanta, ya ɗaga, tiren ya koma rawa. Ya girgiza kai.

Na ce, "Na gane, Yaya, ba a danne shi. Amma in na cusa kal a kusurwar da ke tashi, takwas zai ci."

Ya miƙa hannu. Hadjo ta fahimta kafin ni, ta kwance bakin zane ta ba shi goro. Ya sa a haƙori ya ɓare shi gida biyu. Ya sunkuya da ƙyar, ya cusa ɓari ɗaya a ƙarƙashin kusurwar da ke tashi, ya nuna mini kusurwar da ke fuskantarta a gicciye, ya ba ni ɗaya ɓarin. Na cusa. Tiren ya tsaya cak, ba wanda ya danne shi.

Bakinsa ya yi aiki tsawon lokaci kafin kalmar ta fito.

"Raba."

Biyu a nan, biyu a can. Murɗewar ta rabu tsakanin kusurwa biyu, kowace fuska milimita biyu kawai za ta bayar. Arba'in da ɗaya a cire huɗu. Na lura cewa wannan yana cikin darasin da na yi ta koyarwa a aji uku, amma ban ga amfanin ambatonsa a wurin ba.

Da zan tashi ya kama gefen rigata. Ya nuna tiren, ya kifa tafin hannu, ya kwantar da kansa a kafaɗa kamar mai barci. Hadjo ta ce, "Ya ce in ka yi fuska ɗaya, ka bar shi ya kwana kafin ka juya. Haka yake yi." Sannan ta ce in ci abinci, tunda ruwan dai bai samu ba.

Asabar, 20 ga Yuli, Parakou, hantsi

Na fere kal biyu, kowanne milimita biyu cif, na auna su da ma'aunin kauri. Na cusa su a kusurwa biyu masu fuskantar juna. Na kafa ƙananan katakai a gefe huɗu su tare fallen kada ya zame, ba abin da ya hau kansa. Na bi a hankali, rabin milimita kowane zagaye, ina tsaye da hannu a kan makunni, ina roƙon kuran ya yi halin manya. Ya yi.

Na jingine shi a bango ya kwana.

Kauri: 39.

Litinin, 22 ga Yuli, Azahar

Ya kwana biyu, don ladabi. Na kifa shi a kan fuskar da ta gyaru, ya kwanta lif da kansa. Na bi ta biyu. Na ɗaga, na ajiye, na danna kowace kusurwa. Shiru.

Kauri: 37. Bayan guga da takarda mai yashi, 36 da rabi. Lambar da Yaya ya rubuta tana nan a gefe, ban goge ta ba.

Malam Chaibou ya tambaya wa ya ba ni dabarar. Na ce shawara ce tsakanin masana biyu.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan La'asar

Injin ya haƙa ramuka huɗu na ƙafafu. Harsunan da Yaya ya fere da hannu sun shiga kamar tare aka haife su da ramukan. Mairo ta ɗora kofin shayi cike taf a tsakiya, ta tsaya tana jiran ya zube. Ta gaji ta ɗauke abinta.

Juma'a, 26 ga Yuli, Djougou, bayan saukowa daga masallaci

Na biya kujera biyu a mota, ɗaya tawa, ɗaya ta teburi, a naɗe cikin bargon Mairo. Direba ya so ya ɗaure shi a sama. Na yi masa taƙaitaccen jawabi a kan damina da halin maɗaci, har ya gwammace ya bar mu.

Gida cike da mata da tukwane. Na ajiye teburin a zaure a gaban Yaya, na yaye bargon. Fatimatu Zahra ta fito da lalle a hannu, ta tsaya a bayan kujerarsa.

Ya ɗora tafin hagu a kai. Ya bi tsawonsa, ya bi faɗinsa, ya bi a gicciye, ido a rufe. Ya danna kusurwa ɗaya, ya danna ta biyu. Ya laluba gefe har yatsansa ya tsaya a kan lambarsa. Na shirya jawabi tun daga Parakou a kan alluran awo da ɗaya bisa ɗari na milimita, amma ya ɓace mini a wajen.

Bai ce ya yi ba. Shekara hamsin ban ji ya ce wa wani aiki ya yi ba, har nasa. Ya yi alama a kifa teburin. Na kifa. Sai Fatimatu Zahra ta ce, "Alamar, Baba Mushe. Na yayyena duk suna da ita." Sara uku ne na kurfi, ƙarfen sassaƙa, a ƙarƙashi, a jere, hatiminsa.

Hadjo ta kawo kurfi da guduma daga atelye. Yaya ya ɗauki guduma da hagu, ya jinjina ta. Ya dubi kurfin, ya dubi hannunsa na dama a kan cinya. Na tsaya a gefe, hannuwana a baya, inda suka saba zama a gaban kayan aikinsa. Sai ya tura mini kurfin da bakin guduma.

"Riƙe, Mushe."

Na riƙe. Sara na farko ya shiga. Na biyu ya sauka a kan babban yatsana. Ban yi motsi ba, ban yi sauti ba, kuma duk wanda ya ce hawaye ya gani, ƙurar maɗaci ce. Kafaɗun Yaya suka fara girgiza, Hadjo ta tsorata ta matso, ashe dariya yake yi da rabin bakinsa. Muka sake. Na biyu, na uku.

Asabar, 27 ga Yuli, da safe, kafin ɗaurin aure

Farcen ya yi baƙi ƙirin. Mairo ta zo da tsumma za ta ɗaure shi, na hana. Za a taru da yawa yau, kuma ina so a tambaye ni.